Tafi

Ban ko kwance igiyar jaka ba
Barira mai ƙosai ta tare ni a zaure:
"To Mutari, me ka gano a Indiya?
Da gaske suna rawa bisa titi?"

Na ce mata ba kallo ya kai ni ba.
Yayana Lawali na raka,
shi da zuciyarsa mai tsallake bugu
kamar tsohon injin markaɗe.
Gonarmu ta hanyar Mirya ta zama kuɗin jirgi,
shanun Inna suka zama kuɗin wuƙa.

Haidarabad, kwana ashirin da shida.
Ashirin da biyar a kujerar roba na yi su
ina ƙirga ruwan leda, ɗis, ɗis.
Ran na ƙarshe ya juyo da ƙyar ya ce,
"Kai, fita.
An saida gona, ka koma ba ka ga ko bango ba?
Je ka gano mana. Ɗauko a salula."

Mai adaidaita ba ya jin Hausa,
Faransancina bai sayi ko shayi ba.
Ya ɗaga yatsu huɗu, na gyaɗa kai.
Ashe hasumiya huɗu yake nufi:
Carminar, tsaye tsakiyar kasuwa,
motoci na kewaye ta kamar tumaki a bakin rijiya.
Gefenta layin masu warwaro,
ƙyalli har ido ya yi yaji.
Na saya wa matar Lawali goma sha biyu,
uku sun fashe kafin Yamai.

Na yi azahar a babban masallacin kusa.
Tattabarun fili sun fi mu yawa.
Wani tsoho ya matso da kafaɗarsa ga tawa,
bai tambaye ni daga ina ba.

Sai tafki, a tsakiyar gari,
da wani dogon gunki tsaye cikin ruwa.
Jama'a na ta hoto, ni lissafi nake:
wannan jarka nawa ce?
Ɗan Damagaram da ya san layin famfo
da ƙarfe uku na dare
ba ya kallon ruwa don kyau.

Abin da ya tsai da ni cak, duwatsu ne.
Manya, masu sulɓi, wani bisa wani,
kamar an ajiye su za a dawo.
Na ce a'a, waɗannan ai na Birni ne!
Wa ya riga ni kawo su nan?
A kansu aka ɗora ganuwar Golkonda.
In ka tafa a ƙofar ƙasa
wai ana ji can ƙololuwa.
Na tafa, na ƙara.
Amma mai tafi ba shi ke ji ba,
kuma ni kaɗai na zo.

Da dare na miƙa masa salula.
Rabin hotunan babban yatsana ne,
hasumiya ɗaya ba ta da kai.
Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi,
mai jinya ta kore ni waje.

Yanzu wata biyu ke nan.
Likita ya ce ya dinga taka ƙasa.
Jiya bayan la'asar muka je Birni,
ya ce zai hau dutsen da muke zamiya muna yara.
Taki goma, ya huta.
Taki shida, ya dafa gwiwa.
Na hana kaina bin sa.

Da ya kai, ya zauna, rigarsa na kaɗawa,
garin duk a ƙarƙashin takalminsa,
Zango, Sabon Gari, rufin kasuwar Dole.
Ni a gindi na buɗe hannuwa na tafa.
Wata akuya ta firgita,
ɗan kabu-kabu ya waiwayo.

Na ɗaga murya: "Ka ji?"
Ya sa hannu a kunne.
"Ban ji ba," in ji shi. "Sake."