Lissafin Kumfa

Rijiyarmu a Gyallesu mai zartsi ce.
Sabulu in ya shiga bahonmu
sai ya ɗaure fuska, ya ƙi dariya;
sandar da na saya ran Lahadi
kafin Laraba ta koma ɗan yatsa.

Butar shayin Malam ta yi furfura a ciki,
gawayin ɗari biyar ba ya tafasa ta sai an ƙara.
Atamfar da na ɗauko a Sabon Gari
ta koɗe tun ban gama biyan bashinta ba.

Tanimu mai gyaran famfo ya zo
da wata tukunya shuɗiya, tsayin ɗan yaye,
ya ce abincinta gishiri.
Na ce, "A gidan da miya ke roƙon gishiri
za a kawo baƙuwa mai ci da mudu?"
Malam bai tanka ba. Akuyarsa ce ta biya.

Wata uku ina gaba da ita.

Yanzu kumfa na hawa har gwiwar hannuna.
Sanda guda ta ga Juma'a biyu.
Ruwa na tafasa ban gama yanka albasa ba,
kaushin ƙafar Ladiyo ya rage shan man kaɗanya.
Canjin da ya saura gwangwanin madara nake ba;
jiya na girgiza shi, ya amsa da nauyi.

Ban faɗa wa Malam ba tukuna.
Da asuba dai, kafin kowa ya tashi,
ni ke zuba mata gishiri,
in goge mata jiki da bakin zanena.