Karatun Dare a Ramin Kura

Ni Ladan mai albasa, na Ramin Kura,
shekara talatin ina ƙidayar buhu.
Na san harshen dillali, na san na direba,
na san "sai na shawarta" da ke nufin a'a,
amma harshen da ke cikin wayar Modi
sai bana anka karanta mini shi.

Kuɗin buhu tara sunka shiga wayar nan,
ba su fito ba.
Ban ɗaga hannu ba. Bayan lisha na baza tabarma,
na ce: zauna, yau kai ne malam,
kawo kalma, ni in kawo fassara.

Ya ce: Baba, da fari akwai bonas,
kyautar maraba, ka sa dubu su ƙara dubu,
sai dai ba a cire ta
sai an juya ta sau talatin.
Na ce: mun san wagga a gulbin Rima,
tana ce a bakin ƙugiya,
kifi bai taɓa tambayar wa ya biya ta ba.

Ya ce: sitek, abin da ka aza ke nan.
Na ce: kira shi da sunan yanka.
Takin bana. Rufin ɗakin uwarka.
Kuɗin jarrabawar Saratu.

Ya ce: od, lambar da ke faɗin ninki,
in ta yi tsawo, ci ya yi yawa.
Na ce: igiyar guga ce ashe,
iya tsawonta, iya zurfin rijiya.

Sai tikiti mai wasa goma sha biyu,
goma sha ɗaya sun shigo, ɗaya ya yanke.
Na ce: jiya fa? Ya ce: ɗaya.
Shekaranjiya? Ya sunkuyar da kai.
In kullum buhunka na yoyo ta kusurwa guda,
daina zargin ɓera, nemi mai ɗinki.

Kashawut kuwa, wai ka karɓi kaɗan
tun alƙali bai hura tashi ba.
Wannan ban nemi bayani ba,
na taɓa sai da gona albasa na ganye,
shekarar da ciwo ya kwantar da kakarka.

Jakfot fa? Ya ce miliyoyi.
Wa ya ci? Wani, can Kudu.
Ka san shi? Na ga hotonsa.
Ni ma na sha ganin tafki bisa kwalta
a hanyar Illela da azahar,
ban taɓa tsayawa alwala ba.

Ta ƙarshe a hankali ya faɗe ta:
rabon gida, ladan mai dandali,
ka ci ka faɗi, nashi na nan.
Na ce: la'ada ce. Amma dillalina Dikko
in anka yi mini rasuwa yana zuwa gaisuwa.
Wanga gida ina ƙofarsa?

Shiru. Janareton maƙwabta ya mutu.
Sai yaron ya ɗago, ya ce: Baba,
albasar da kake ɓoyewa a rudu
kana jiran tsadar damina,
ba od ba ce?

Na daɗe ina murza carbi.
Na ce: tawa in ta ruɓe ina jin warinta,
ina kwasa in kai gona ta zama taki.
Taka da ta ruɓe, Modi, nuna mini ko ɓawo.
Na faɗi haka, amma daren ban yi barci sosai ba.

Da asuba ya nuna mini wani maɓalli,
can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
inda mutum ke kulle kansa waje.
Ban san sunansa ba, ban tambaya ba.
Ya danna.

Yanzu yana dako a rumfata,
kowane buhu ɗari biyu, ina cirewa daga tara.
Kalma guda ce ba mu karanta ba daren nan,
mai baƙi huɗu, kowa ya san ta.
Shi bai faɗa ba, ni ban faɗa ba.