Ƙarar Masaƙa

A Kakuri muke, bayan tsohuwar masaƙa,
ɗaki na uku idan ka bi lungun mai ƙosai.
Nan nake kwana gaban kwamfuta ta gwanjo
wadda batirinta ba ya kai sallar isha'i.

Da rana ina makaranta a Tudun Wada,
ana koya mana auna bulo da siminti.
Da dare ni ke yanka lokaci.
Daƙiƙa guda, hoto ashirin da huɗu ne a jere:
cire uku, mutum ya ƙifta ido bai sani ba,
ƙara goma, kuka ya fi yadda aka yi shi tsawo.

Na taɓa sa ƙanena Tasi'u ya tashi sama
daga kan gadar kogi,
ya ratsa Barnawa da silifa ɗaya a ƙafa.
Inna ta dafe ƙirji:
"Zuwaira, wannan siddabaru fa?"
Na ce koren zanen gadonta ne
na rataya a igiyar shanya.
Ta ce to, a wanke mata abinta.

Baba ba ya kallo.
Shekara goma sha tara ya yi a masaƙa.
Ranar da aka garƙame ƙofa
ya dawo da kwanon tuwonsa bai buɗe ba.
Yanzu fanka yake gyarawa a bakin titi,
kuma ya fi son ya zagaya ta Makera
da ya bi ta gaban ginin nan.

Ni na bi.
Na zura waya ta fasasshiyar taga,
na ɗauko ciyawa, da tsatsa, da kashin tattabaru.
Wata uku ina gogewa, ganye bayan ganye.
Na mayar da gilashi,
na kunna fitilun rufi ɗaya-ɗaya,
na ɗora hayaƙi a bakin bututu
har sai da ya koyi bin iska.
Baba kuwa na tsayar da shi gaban koren zane,
na ce hoton katin shaida ne.

Daren wata Laraba aka kawo wuta.
Na ajiye masa kwamfuta a kan tabarma.
Ga shi tsaye tsakanin injuna,
zare na gudu ta bayan kafaɗarsa.

Bai ce komai ba.
Ya ce, "Sake."
Na sake.
Ya ce, "Wannan injin markaɗen Ladi ne."

Haka ne. Can na ɗauko ƙarar.

Ya jawo faranti da cokali biyu,
ya rufe ido, ya fara:
takas-takas, takas-takas,
da wani ɗan tsaiko a na huɗu
kamar mai ɗingishi yana sauri.
Na danna maɓallin ɗauka, ban numfasa ba.

"Ba a jin magana a ciki," in ji shi,
"da gira muke gaisawa, ni da Bitrus.
Injinsa na dama da nawa.
Za ki iya sa shi?"

Na ce, "Kana da hotonsa?"

Ya juya cokali a hannu.
"Tun da suka koma hayin kogi..."
Bai ƙarasa ba aka ɗauke wuta.

Na iya tayar da yaro sama,
na iya hura wuta a bututun da ya mutu,
amma fuskar da ban taɓa gani ba
babu koren zanen da zai kawo ta.

Da sauran batiri na matsar da Baba hagu kaɗan.
A damansa na bar fili,
daidai faɗin mutum ɗaya,
injin yana ta aiki ba kowa a gabansa.

Gobe Alhamis ba ni da darasi.
Tasi'u ya ce ya san wani coci a Sabon Tasha
inda za mu fara tambaya.