Tarin Boldo

Kwana tara na yi a asibiti,
aka sa mini ƙarfe a ƙugu.
Boldo yana gidan ajiyar karnuka
can bayan tudun Placeres,
keji na sha huɗu, kusa da famfo.

Ranar da na kai shi, Ximena ta buɗe littafi,
ta ce, "Ina katin rigakafi?"
Na yi dariya.
Karen da na tsinta a tashar jiragen ruwan Valparaíso
yana cin kan kifi, yana kwana kan igiya,
wace cuta ce ba ta gwada shi ta bari ba?
"Ɗigo ne fa a hanci, Don Eliodoro."
Na ce ina sauri.
Ta karɓe shi, don ta san marigayiya matata.

Dare na huɗu da dawowarmu
na ji shi a duhu:
busasshen tari, kamar kukan dinya.
Ya miƙa wuya, ya yi kakari,
ya zubar da 'yar farar kumfa,
sannan ya kaɗa jela, wai kada in damu.
Na zura yatsa ina neman ƙaya.
Babu ƙaya.

Likita Iturra ta taɓa maƙogwaronsa kaɗan,
tarin ya ɓarke.
"Na keji ne. Iska ke yawo da shi,
da kwanon ruwa, da hancin da ya gaida hanci.
Cire masa abin wuya, ɗaura a ƙirji.
Mako biyu ko uku.
Kada ya kusanci kowa."

Kowa?
Tun Talata ya lashe fuskar kwikwiyon Amparito
ta ƙarƙashin shinge.

Kwikwiyon ba shi da ƙirjin Boldo.
Ya ƙi madara, ya yi zafi kamar burodi.
Matakala ɗari da sittin da biyu ne
daga ƙofarmu zuwa titi.
Na sauke su da sanda a dama,
shi yana cikin rigata,
yarinyar na biye tana ƙirga numfashinsa da ƙarfi.
Ba ta ce mini komai ba.
Da ma ta ce.

Ya rayu.
Na faɗa da wuri don ni ma in huta.

Dare goma muna zama a banɗaki, ni da Boldo,
ruwan zafi na zuba, tururi ya rufe madubi,
jirage na kuka a ƙasa, yana amsa musu.

Da ya warke muka koma.
Likita ta ce ba ganuwa ba ce,
yana iya sake kamuwa, sai dai da sauƙi.
Ta ɗaga haɓarsa, ta ɗiga.
Ya yi mata atishawa a tabarau.

Iyakar abin ke nan.
Na duba agogo: bai kai minti ɗaya ba.