Rigar Dare a Kadis

Kakata ta ce dare rigar mugu.
Na ninke maganar na sa a akwati
tsakanin daddawa da man kaɗanya,
na sauka da ita a Kadis,
garin da teku ta yi wa ƙawanya.

Rana ma a nan ba ta da gaggawa,
tara ta gota tana nan tana leƙen ruwa.
Ina sallame magariba na sa sakata,
na wanke tukunya, na kashe fitila
kamar yadda ’yar mutunci take yi.

Sha ɗaya da rabi aka buga ƙofa.
Gabana ya faɗi. Gobara? Rasuwa?
Ashe Enkarna ce ta ɗakin ƙasa,
shekara tamanin da ɗaya, jan baki raɗau,
ƙamshinta ya riga ta hawowa bene.
Ta ce, “Barira, jikin ne babu daɗi?
Yanzu fa aka ɗora man kifi.”

Na bi ta ina karanto duk abin da na haddace.

Lungu ya cika maƙil.
Jariri a keke yana tsotsar yatsan ƙafa,
yara na buga ƙwallo a bangon coci,
babu uwar da ta ce a wuce gida.
Tsofaffi sun fito da kujeru bakin ƙofa
suna auna duk mai wucewa da ido,
irin awon da na sani tun ina goye.

A shagon Fulhensiyo ba a ba da takarda,
da alli yake rubuta bashinka a kan kanta,
in ka biya ya shafe da gwiwar hannu.
Ya zuba mini ruwan inabin da bai kwana ba,
bai tambayi dalili ba, ban faɗa ba.
Na duƙa zan tsince takardun goge baki a ƙasa,
Enkarna ta riƙe ni:
“Bar su, su ne shaidar girkin ya yi.”

Ƙarfe biyu na ce to, an tashi ke nan.
Suka yi dariya har da dafa bango.
Wai gidan rawa bai ma buɗe ba.
Mahaucin da ke sayar mini da kaza
ya rufe ido, ya saki wata murya
kamar wanda aka yi wa rasuwa tun bara
sai yau kukan ya samu hanya.
Tafi kawai suke, babu ganga,
ni da ban ji rabin kalmomin ba
na ji su a ƙirji.

Ba duka zuma ba ce.
Wani da ya sha ya yi tatul
ya miƙo hannu zai taɓa ɗankwalina.
Kafin in buɗe baki
maficin Enkarna ya sauka a kan yatsunsa,
ta zage shi har kakarsa, wadda ta ce ta sani.

Huɗu da wani abu masu wankin titi suka iso,
ruwa na kore ɓawon jatan lande zuwa kwata.
Wata budurwa ta wuce ita kaɗai,
takalma a hannu, tana hamma,
ko waige ba ta yi.
Na daɗe ina kallon bayanta.

Da asuba su suka nufi mai soya dogon fanke,
ni na hau bene na yi alwala.
Inna ta kira, ta ce har kin tashi?
Na ce eh.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Kaka, da kina nan da na gaya miki:
na ga rigar, na ga mai ita,
tsohuwa ce da ciwon gwiwa,
kuma ta ce gobe in zo da takalmi mai laushi.