Gidan Zanzaro

Motar kwana ta tsaya gindin duwatsun Birni.
Habsatu, likitar dabbobi, ta ce
tukunyar ruwan zafinta ta yi yaji.

Na jijjiga kwalbar gas: da nauyinta.
Na taɓa batir, ya cije ni.
Na murɗa maɓalli,
ƙyas, ƙyas,
wuta ta leƙo, ta koma.

Sai na durƙusa, na zare tiyo.
Ashe zanzaro ne ya yi gini ciki,
ɗaki biyu, na laka.
Ina ya samo ruwan kwaɓi a Damagaram,
mu muna bin 'yan garuwa tun asuba?

Tsinken tsintsiya ya rushe gidan.
Wuta ta miƙe, shuɗiya.
Jika biyu ta ba ni.
Maginin kuwa, ko dala.