Muryar Kuza

Mu goma sha ɗaya muka tashi daga Naraguta,
motar jami'a ta nufi Abuja da asubar fari,
Nanret na amai tun daga Hawan Kibo,
Malam Sabi'u na ƙirga fasfo kamar mai ƙirga awaki.

Yau sati biyu da dawowarmu.
Akwatina na nan a buɗe a ɗakina na Gangare,
har yanzu yana ƙamshin kaki da kanumfari.

A Jawa aka zaunar da mu a kan tabarma,
aka ce a tuɓe takalma, kada a tsallaka kayan kiɗa.
Gyang, da ya saba dukan ganga har fata ta yi kuka,
aka ba shi ƙaton farantin tagulla a rataye,
aka ce: bugu ɗaya, sai ka jira.
Ya jira. Gumi ya keto masa.
Tsohon da ke koya mana, Pak Wiryo,
ba ya jin namu, ba ma jin nasa,
amma da ladan ya ɗaga murya bayan gonar shinkafa
ya dube ni, na dube shi,
muka miƙe tare neman buta.

Na koyi zane da narkakken kaki,
da 'yar buta mai bakin allura.
Hannuna ya yi rawa, kaki ya ɗiga,
malamar ta ce kada in kankare,
in mai da ɗigon ƙwayar idon tsuntsu.
Ga tsuntsun nan a kan gadona, ido ɗaya ya fi ɗaya.

A Bali kuwa ido ke rawa kafin ƙafa.
Kwana tara Talatu na juya ido a madubi,
'yar shekara bakwai na gyara mata gwiwar hannu
ba ko murmushi.
Girma ya faɗi, muka tsince shi muka kaɗe.

Ranar maƙera ce ta tsaya mini a rai.
Mutum huɗu na dukan jan garwashin ƙarfe a cikin duhu,
na tambayi tafinta me ake haɗawa.
Ya ce jan ƙarfe kashi goma, kuza kashi uku.
Kuza.
Sanyin Filato ya ratsa ni a ƙasar da ba ta san sanyi ba.

Kakana Mantau da ƙafa ya zo daga Kazaure,
shekara talatin da kwano a ka a ramukan Bukur,
ya bar huhunsa a can,
ya bar mana tarinsa da kududdufai masu cin yara.
In an tambaye shi ina kuzar take zuwa
sai ya ce: gwangwanin Bature.
Na sani, tasu daga tsibiransu ake tono ta,
amma ƙarfe ɗan'uwan ƙarfe ne.
Ashe abin da ya danne masa wuya yana da murya,
murya mai kauri
da ke zama a ƙirji bayan an ajiye sanda.

Jiya da dare aka ɗauke wuta.
Na rataya farin zanen gado a igiyar shanya,
na kunna fitilar ƙwai a bayansa,
na fito da mutum-mutumin fata da na huda da hannuna,
mai dogon hanci, mai hannaye har gwiwa.
Inuwa ta miƙe, yaran gida suka ɗau ihu.
Badukun da ke maƙwabtaka da mu ya murza fatar,
ya taɓe baki, ya ce jimarsu ba ta kai tamu ba.

Inna ba ta kalli inuwa ba.
Wayata ta ɗauka, inda na naɗo bugun Gyang,
ta kara a kunne har amon ya ƙare.
Ta ce, me ka ce ke cikinsa?
Na ce kuza, Inna.
Ta gyara rigar sanyinta,
ta daɗe tana kallon fitila.
Ta ce, sake sa mini.